Awon Ruwa a Tankin Killace Kifin Teku

Duk wanda ya yi kiwon tarwada a wannan yanki namu na Kura da Bunkure ya saba da kifi mai haƙuri. Tarwada tana rayuwa cikin ruwan da ya yi kore shar, tana ɗago kai ta shaƙi iska kai tsaye saboda wata gaɓar numfashi ta daban da Allah ya hore mata, kuma ranar da ruwan kwami ya fara wari, aikin mai shi bai wuce ya zare toshiya ya tayar da injin burtsatse ba. Wannan sabon ne yake cutar mutuminmu idan sha'awa ta kai shi ga ajiye kifin ado na teku a tankin gilashi, domin kifin da asalinsa cikin murjani ne ya fito daga ruwan da gishirinsa da zafinsa ba su cika motsawa ba, kuma jikinsa ba shi da tanadin jure sauyin gaggawa. A babban tanki akwai abubuwan da ke rufa wa mai kiwo asiri. A tankin killacewa babu ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa nake ganin awon ruwansa ya fi ba da magani muhimmanci, ko da yake maganin ne mutane suka fi yin tambaya a kai.

Tankin killacewa ƙaramin tanki ne da ake sauke sabon kifi a cikinsa, ya yi mako huɗu zuwa shida, kafin a ba shi izinin shiga cikin sauran. Abin da ake gudu shi ne cututtuka biyu musamman: Cryptocaryon irritans, mai fesa wa kifi fararen ɗigo a jiki da fiffike, da kuma Amyloodinium ocellatum, wanda ya fi shi saurin kisa domin yana fara kama gaɓɓan numfashi, wato jajayen nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kan kifi, tun kafin ido ya ga komai a fata. Saboda magungunan da za a iya buƙata, ana barin tankin fayau: ba yashi, ba dutsen murjani, sai guntayen bututun roba irin na masu aikin famfo domin kifi ya sami maɓoya, da soson tace ruwa, da famfon iska. To amma yashin da dutsen da aka cire su ne gidan ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye dattin kifi, kuma su ne ke taimakawa wajen riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Ke nan an ɗauko kifin da ya fi kowane galabaita a gidan, wanda ya sha tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas, bayan wadda ya sha daga ƙasashen waje kafin ya iso Legas ɗin, an sanya shi a ruwan da ya fi kowane saurin lalacewa. Nawa tankin lita 60 ne, kuma duk lissafin da zan yi a kansa zan ɗora shi.

Awo yana farawa ne daga ruwan da za a kwaɓa gishiri da shi. Mu da muke zaune a tsakiyar gonakin noman rani da ruwan Tiga ke shayarwa, inda ake zuba takin zamani ga shinkafa da damina, ga alkama da tumatir da rani, bai kamata mu ɗauka cewa ruwan rijiya ko na burtsatse tsarkakakke ne don kawai yana da daɗin sha ba. Yana iya ɗauke da naitiret, sinadarin da taki ke barin sa a ruwa, ko ƙarfe, ko ma amoniya, sinadarin da yake dafi ne ga kifi. Ruwan famfo na birni kuma yana da kulorin. Abin da ya fi aminci shi ne ruwan da aka tace da injin RO, mai cire abubuwan da suka narke a ruwa, kuma ana tabbatar da shi da ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, wanda bai fi alƙalami girma ba: lambar da zai nuna ta kasance sifili ko kusa da sifili. Ruwan leda ba hujja ba ne, domin ba kowane mai yin sa ne yake tacewa da RO ba, sai an auna. Gishirin girki kuwa ba ya wannan aiki ko kaɗan. Ruwan teku, ban da gishirin da muka sani, yana da maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da salfet da bayikabonet, kuma gishirin da ake haɗawa domin kifin teku, irin su Instant Ocean da Red Sea, shi ke maido da waɗannan a ma'auninsu. Nakan kwaɓa shi a jarka mai tsabta, in bar kumfar iska tana juya shi ya kwana, kuma a kullum akwai aƙalla rabin ruwan tankin a ajiye, kwaɓaɓɓe. A ƙauye ba a kwaɓa ruwan gaggawa bayan matsala ta riga ta auku.

Gishirin teku giram 35 ne a kowane kilogiram na ruwa, wanda a ma'aunin nauyin ruwa yake zuwa 1.026 ko kusa da haka. Ma'aunin roba mai allura da ake tsomawa yana da araha, amma kumfa ɗaya idan ta maƙale wa allurar ta isa ta sa shi yin ƙarya. Na fi amincewa da rifiraktomita, wadda ake ɗiga mata ruwa a kan gilashi, a rufe, a leƙa ta fuskar haske a ga inda shuɗi ya rabu da fari. Ita ma sai ana daidaita ta lokaci zuwa lokaci da ruwan gwaji mai gishiri 35, domin zafi da jijjigar hanya suna kautar da ita.

Ranar da kifi ya iso, awon farko na ruwan ledar da ya zo a ciki ne. Dillalai da yawa suna ajiye kifinsu a gishiri mai sauƙi, ƙasa da na teku, saboda haka kafin a kwance leda sai a huda ta da allurar sirinji, a zuƙo 'yan ɗigo, a liƙe hudar, a duba gishirin, sa'an nan a gyara ruwan tankin ya yi daidai da na ledar. Sauke gishirin tanki abu ne mai sauƙi, ƙara ruwan RO ne kawai. Akwai dalilin da ya sa ba a so a buɗe ledar a bar kifi yana zaune a ciki ana ɗiga masa ruwa sannu a hankali, kamar yadda ake yi wa kifin da aka sayo daga shagon kusa. Cikin doguwar tafiya kifi ya cika ledar da amoniya, amma numfashinsa ya kuma cika ta da iskar kabon dayoksaid, wadda ta saukar da pH, kuma a ƙaramin pH amoniyar tana zama a siffar da ba ta cika cutarwa ba. Da zarar an buɗe leda iskar nan ta fara fita, pH zai tashi, amoniyar da ta kwanta ta zama dafi cikin ɗan lokaci. Abin yi shi ne a ɗora ledar a rufe a kan ruwan tankin na minti 15 zuwa 20 har zafinsu ya zo ɗaya, a buɗe, a ciro kifin a sa shi a tanki, a zubar da ruwan ledar a waje.

Daga nan sai amoniya, wadda ita ce ta fi cin kifi a tankin killacewa, sau da yawa kuma a ɗora wa cuta laifin. Kifi yana fitar da ita ta gaɓɓan numfashinsa dare da rana, ragowar abinci da kashi kuma suna ƙara ta idan sun ruɓe. Masu kiwon kifi suna da lissafin cewa kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin abincin da aka zuba yana komawa amoniya. Giram ɗaya na abinci ke nan zai ba da miligiram 30 ko kusa da haka, wanda a lita 60 ya zama miligiram 0.5 a kowace lita, idan babu abin da ke cinye ta. Amoniyar da ke cikin ruwa siffa biyu ce, NH4 da NH3, kuma NH3 ce mai ratsa gaɓɓan numfashi ta ƙona su. Rabon da ke tsakaninsu yana hannun pH da zafi. Duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, kason NH3 yana ninkuwa kusan sau goma. A ruwa mai pH 7.2 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a ruwan teku mai pH 8.2 da zafin digiri 26 tana kai kashi 5 zuwa 8. Wannan 0.5 ɗin da mai tarwada ba zai ko ɗaga kai ya dube ta ba, a nan ta riga ta haura 0.02 na NH3 da ake ɗauka a matsayin iyakar aminci. Idan zafin Afrilu ya ƙara ɗumama ruwan, kason ya sake hawa ba tare da an ƙara ko ƙwayar abinci ɗaya ba.

Maganin wannan tun kafin kifi ya zo ake yin sa. Bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirayit, da waɗanda ke mayar da naitirayit naitiret, suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon wuri. Don haka ake ajiye soson tacewa a babban tanki ya yi wata guda ko fiye yana shan ruwa, ranar buƙata a ɗauko shi da mazaunansa. Duk da haka ba na sakin jiki da shi, domin yawan bakteriyar da ke cikin soso gwargwadon abincin da suka saba samu ne, kuma wasu magunguna, musamman masu kashe bakteriya da kuma na jan ƙarfe da ake yaƙar cututtukan nan da shi, suna raunana su. A mako biyun farko ina auna amoniya safe da yamma. Akwai kuma wani ɗan faifai na kamfanin Seachem da ake mannawa a jikin gilashi daga ciki, wanda yake nuna NH3 kaɗai: yana rawaya idan lafiya, ya fara komawa kore idan ta kai 0.05. Amfaninsa shi ne ko yaron gida zai iya leƙawa ya kira ni a waya in ina gona.

Idan amoniya ta bayyana, ana dakatar da abinci, a sa siririn tiyo a zuƙe duk wani datti da ke ƙasan tankin, a canza ruwa. A nan mutane suke yin rowa, saboda gishirin da tsada kuma daga nesa yake zuwa. Amma lissafin ba ya karɓar roƙo: wanda ya canza rubu'in ruwa ya rage rubu'in amoniya ne kawai, 1.0 ta koma 0.75, kifi kuwa yana nan yana ƙonewa. Sai an canza rabi ake samun rabi. Sharaɗin babban canji shi ne sabon ruwan ya zo daidai da tsohon a gishiri da zafi da pH, in an cika wannan kifi ba ya jin komai sai sauƙi.

Shi kansa awon yana da ladabinsa. Akwai kayan gwajin amoniya iri biyu, na Nessler da na salisilet, kuma na biyun ne ya dace da ruwan gishiri, domin na farkon yakan yi gajimare ya ba da lambar banza. Nakan ɗauraye 'yar kwalbar gwajin da ruwan tankin, in ɗebi mililita 5 da sirinji daga tsakiyar ruwa, in kifa kwalbar maganin a tsaye sak domin ɗigon ya fito da girma ɗaya, in rufe da murfinta ba da yatsa ba, in girgiza, in jira minti biyar cif da agogon waya. Sa'an nan in fito ƙofar ɗaki inda hasken safiya yake, in jingina kwalbar da farin katin da aka zana launuka a kai. Rawaya zalla ita ake nema. Idan ta ɗan ja zuwa launin ɗanyen lemon tsami, akwai magana. Hasken fitilar sola ko na tocilan yana rikita wannan bambancin, shi ya sa ba na yanke hukunci da awon dare sai in dole. Wata safiya ƙanena ya same ni a haka, ya leƙa tankin ya ce, “Yaya, ruwan nan ai garau yake, me kuma kake nema a cikinsa?” Na miƙa masa kwalbar ya ga yadda ruwan da ya kira garau ya koma kore. Amoniya ba ta da launi a tanki, kuma a wannan ƙaramin adadin hanci ba ya jin ta. Su ma magungunan gwajin suna lalacewa idan suka daɗe a zafi, don haka ba a barin su a kan taga ko a ɗakin kwano, kuma ana duba ranar ƙarewar aikinsu tun wajen saye.

Zafin ruwan da ake so shi ne digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana yana taɓa 40. Ɗakin da aka rufa da kwano babu silin ba wurin ajiye wannan tanki ba ne. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi shi nesa ba kusa ba, domin yana jinkirta zafin rana kuma yana riƙe ɗumi da dare. Haɗarin zafi yana bi ne ta iskar oksijin. Ruwan daɗi a digiri 25 yana iya riƙe kimanin miligiram 8.3 a lita, ruwan teku a wannan zafin bai wuce 6.8 ba, idan kuma ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 6.2, alhali a daidai lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatar iskar. A haɗa wannan da gaɓɓan numfashin da cuta ko amoniya ta riga ta taɓa, sa'an nan a ɗauke wuta da tsakar rana, sai a ga dalilin da ya sa famfon iska mai batir ya zama wajibi a wurinmu ko ga mai sola. Ba ya cin wuta sosai, kuma bakteriyar soso ma da iskar suke aiki. Ma'aunin zafin da ya fi amfani shi ne mai ajiye lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta ta yini, domin abin da ya faru da ƙarfe uku na rana da kuma kafin asuba shi ne labarin, ba abin da mutum ya tarar lokacin da ya shigo ba. Da hunturu lamarin yana juyawa: daren Disamba da Janairu yana saukar da ƙaramin tanki sosai, sai an sa hita mai kashe kanta.

Hanyar sanyaya ruwa da ta fi dacewa da aljihunmu ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan. Aikinta irin na randa ne, wadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yake bushewa ya tafi da zafi, hikimar da Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya a kai har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A busasshiyar iskarmu fanka tana rage digiri biyu ko uku. Kwalbar ƙanƙara a rufe ma tana taimakawa a ranar tsanani, sai dai tana saukar da zafi da sauri ya sake hawa da sauri, wannan hawa da saukar kuwa wahala ce ga kifi. Kuɗin da fanka take karɓa shi ne ruwa. Abin da ke tashi sama ruwa ne zalla, gishiri yana nan, don haka tankin lita 60 da ya rasa lita 3 gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Na ja layi da alƙalami a jikin gilashi daidai bakin ruwan, kuma safe da yamma ana cikowa zuwa layin da ruwan RO marar gishiri. Wanda ya cika da ruwan gishiri yana tara wa kansa matsala ne a hankali. Murfin raga yana hana kifi tsalle kuma yana barin iska ta wuce, amma ba ya tare ƙurar hunturu, ba ya kuma tare maganin sauro na feshi, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifi. Ɗakin da tankin yake ba a fesa masa komai, ba a kunna masa turaren wuta.

pH ana so ya zauna tsakanin 8.0 da 8.3, kuma in bai sauka ƙasa da 7.8 ba, ba na taɓa shi. Yakan sauka a ɗakin da aka kulle ƙofa da taga mutane suna kwana a ciki, saboda numfashinsu, kuma buɗe taga kan gyara shi. Idan ƙarfin da ruwan yake da shi na riƙe pH ne ya ragu, canjin ruwa ko ɗan bekin soda da aka narkar ya wadatar. Kanwa dai a bar ta a madafa, domin ba wanda ya san abin da ke gauraye a cikin kowane dunƙule. Kuma ba a ɗaga pH alhali akwai amoniya a ruwa, saboda dalilin da ya gabata. Naitirayit, wadda take kashe kifin ruwan daɗi, ba ta da wannan ƙarfin a ruwan teku domin kulorayid ɗin gishiri yana tare mata hanyar shiga jini. Ina auna ta ne don in san ko soso yana aiki. Naitiret kuwa sau ɗaya a mako ya isa.

Inda awo ya zama tilas ba zaɓi ba shi ne lokacin da aka sa maganin jan ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe cuta da wanda ke kashe kifi siririya ce, kuma kowane samfuri da lambarsa. Salfet na jan ƙarfe ana riƙe shi a miligiram 0.15 zuwa 0.20 a lita, Cupramine a 0.5, Copper Power kuwa wajen 2.0 zuwa 2.5. Wanda ya ji lamba a bakin wani ya ɗora ta a kan wani samfurin daban zai iya kashe kifinsa cikin dare ɗaya, haka ma wanda ya auna da kayan gwajin da ba su dace da samfurinsa ba. Na'urar awo ta kamfanin Hanna mai nuna lamba ta fi katin launi sauƙin karantawa, ga wanda ya sami hali. Ana hawa zuwa cikakken adadi ne cikin 'yan kwanaki, ana lura da cin abincin kifi, domin ƙin ci yana cikin alamomin farko na cewa maganin ya yi masa yawa.

Abin da ya sa ba a yarda adadin ya sauka ko na dare ɗaya ba yana cikin rayuwar cutar. Cryptocaryon tana yin kwana 3 zuwa 7 a cikin fatar kifi inda magani ba ya kai mata, sa'an nan ta faɗo ƙasa ta rufe kanta da ɓawo tana rarrabuwa, daga kwanaki kaɗan har zuwa makonni, an ma taɓa ganin wadda ta kai kwana 72. Daga nan 'ya'yan suke fashewa su yi iyo neman kifi, galibi cikin dare, kuma in ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu sai su mutu. Wannan ɗan lokacin iyo shi kaɗai ne jan ƙarfe yake kama su. Idan suka fito a daren da maganin ya yi ƙasa, sun shiga kifi, lissafin kwana 30 ɗin da aka saba yi kuma ya koma farko. Don haka nake auna jan ƙarfe kafin magariba, yadda in akwai gyara za a yi shi kafin duhu. Abubuwan da ke sauke shi sanannu ne: dutsen murjani da yashinsa da ɓawon katantanwa suna shanye shi, gawayin tace ruwa yana cire shi, canjin ruwa yana tsinka shi. Ruwan canji sai an zuba masa nasa maganin a jarka ya kai adadin tankin kafin a juye. Ruwan cikon layi kuwa ba a sa masa, domin jan ƙarfe ba ya tashi da tururi, hasali ma ranar da aka bar ruwa ya ja baya ƙarfinsa hawa yake yi tare da gishiri. Akwai kuma tarko ɗaya: magungunan da ake ɗigawa su ɗaure amoniya, irin su Prime, suna iya juya jan ƙarfe zuwa siffar da ta fi dafi, kuma masu yin Cupramine da kansu sun yi gargaɗi a kan haɗa su. Ke nan a cikin kwanakin jan ƙarfe ba abin da ya rage wa mutum a kan amoniya sai soso mai rai, da abinci kaɗan, da jarkar ruwa a ajiye.

Wasu sun fi son sauke gishiri zuwa 1.009 na tsawon wata guda maimakon jan ƙarfe. Yana aiki a kan Cryptocaryon, ba ya aiki a kan Amyloodinium, kuma a iskar da ke shan ruwa irin tamu riƙe wannan lambar daram yana da wuya, don haka ban cika ba da shawararsa a nan ba.

Duk lambar da na auna ina rubuta ta a littafi irin na 'yan makaranta, da rana da lokaci, da abin da kifi ya ci, da yadda yake numfashi. Lamba ɗaya ba ta faɗin abu mai yawa, amma jerin kwana biyar yana nuna inda ruwa ya dosa tun kafin ya isa. Littafin ne kuma yake hana gaggawar zuba magani. Kifin da ke haki, yana rakuɓewa a kusurwa, ya ƙi abinci, zai iya zama Amyloodinium ce ta kama shi, zai iya zama amoniya, ko ƙarancin iska, ko jan ƙarfen da ya yi yawa, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Uku daga cikin huɗun nan ruwa ne, ana gane su cikin minti goma da kwalba da ma'auni, kuma ƙarin magani a kansu ƙarin wahala ne ga kifin. Sai awo ya wanke ruwa sa'an nan nake tuhumar cuta.

Idan wa'adi ya cika, ana cire jan ƙarfe da canjin ruwa da gawayi har awo ya nuna sifili, a ƙara sa ido na mako biyu a ga ko wani ɗigo zai dawo. A cikin waɗannan kwanakin ake ɗaga gishirin tankin ya kamo na babban tanki, ba fiye da 0.002 a yini ba, domin kifi ya fi jure saukar gishiri a kan hawansa. Ruwan killacewa ba ya bin kifi zuwa babban tanki, musamman in akwai murjani ko jatan lande ko ƙaguwa a ciki, waɗanda ɗan burbushin jan ƙarfe yake kashewa. Koma da tiyo da bokitin wannan tanki nasa ne shi kaɗai, kuma ana nisanta shi da babban tanki da kamar mita uku saboda feshin kumfa. Tsohon ruwan ba a juye shi a kwamin tarwada ko a gindin shuka, gishirin yana kashe ƙasa. Ana wanke tankin da bututan, a shanya su a rana har su bushe ƙarau na kwanaki, a jefar da tsohon soso, a sa sabo a babban tanki tun ranar domin ya fara tara bakteriyar kifin da zai zo nan gaba.